KULA DA GEFEN TAYAR AMALANKE

Manomi, auduga ta fara fashewa, kasuwa ta kusa buɗewa. Kafin ka ɗaura wa shanu amalanke, tsuguna ka duba taya. Yawancin mutane ƙasan taya kaɗai suke dubawa, wurin da ke taka hanya. To, ba can raunin yake ba. A gefe yake.

Ga dalili. A cikin robar taya akwai zare jere-jere. Zaren nan shi ke riƙe iska, iska kuwa ita ke ɗaukar kaya. A da ma da auduga irin wadda kake nomawa ake yin sa, kafin a koma ga nailan da waya. A ƙasan taya roba mai kauri ce ta rufe shi. A gefe kuwa robar ba kauri, don taya ta lanƙwashe in ta hau dutse ko ta faɗa rami.

In iska ta yi kaɗan, kowane juyi sai gefen ya lanƙwashe fiye da kima, har zaren ya tsinke. Alamarsa kumburi kamar ƙwai. Mai faci yana gyara hujin ƙusa, amma ba ya iya ƙulla zaren da ya tsinke. Tayar da ta kumbura ta gama aiki. Kada ka yarda ta fashe maka a daji ran kasuwa, ga kaya, ga dare.

Saboda haka sa iska sosai kafin ka yi lodi. Auduga ba nauyi, amma ran da ka ɗauko buhunan taki taya za ta ji a jikinta. Kada ka kora amalanke cikin gonar da aka sare karan auduga, gama kututturen yana yanka gefen taya kamar wuƙa. In an gama aiki, ajiye shi a inuwa. Rana tana sa roba ta tsattsage.

In za ka sayi tsohuwar tayar mota, duba rubutun gefenta. Bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ke nuna shekarunta. Misali, 2319 ke nan mako na 23 na shekarar 2019. In ba ka karatu, malamin gona ya duba maka.