Shirya 'Yan Mata Domin Aikin Injin Sassaƙar Ƙarfe Mai Kwamfuta

Darasi ga Hakimai da Malamansu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

1. Abin da ya sa aka buga wannan takarda

Kowa ya san yadda aiki ke tsayawa in sandar injin niƙa ta karye, ko wani ƙarfe ya cinye a cikin injin ban ruwa tsakiyar rani. Sai an tashi mutum takanas zuwa Ƙofar Ruwa a Kano neman irinsa. In ba a samu ba, a kai wa mai sassaƙar ƙarfe ya fid da sabo, kafin a komo kuwa shuka ta sha ƙishi. Sassaƙar ƙarfe sana'a ce da ba ta rasa masu nema, kuma a zamanin nan ta sake kama, har ta zama aikin da mace za ta iya yi daidai da namiji. Nufinmu shi ne mu bayyana yadda haka ta faru, da abin da ya rataya a wuyan shugabanni.

2. Yadda injin ke aiki

A da, gwanin ne ke murza inji da hannunsa, yana tura wuƙa jikin ƙarfe yana aunawa. A 1952 aka nuna wani inji a makarantar MIT ta Amurka wanda ke karɓar umurni daga doguwar takarda mai huji-huji. Daga baya kwamfuta ta maye gurbin takardar, shi ne injin da ake kira CNC.

Ga yadda abin yake. Ana zana abin da ake so da awonsa duka. Sa'an nan a rubuta wa injin umurni layi-layi, da haruffa da lambobi. Misali, M03 na nufin inji ya fara juyi. G01 na nufin wuƙa ta yanka a miƙe. G02 kuwa ta yi kwana yadda hannun agogo ke zagawa. Mai aiki ya ɗaure ƙarfen, ya daidaita wuƙa, ya rufe ƙofa, inji ya bi umurnin sau ɗari ba tare da ya kauce ba. Amma inji ba shi da hankali. In aka rubuta masa kuskure, kuskuren zai sassaƙa sau ɗari.

Saboda haka jarin wannan aiki awo ne da lissafi da natsuwa, ba ƙwanji ba. Ma'aunin da ake aiki da shi yana kasa milimita ɗaya kashi 100, alhali kuwa kaurin silin gashin kai wajen kashi 7 ne kurum. Yarinyar da ke ƙirga zare tana fid da zanen hula ba ta ɓata gida ko ɗaya ba, ta riga ta mallaki rabin halin da ake bukata.

3. Ba yau aka fara ba

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1941, Ingila ta yi dokar kiran mata aikin ƙasa, da yawansu kuma suka tsaya kan injunan sassaƙa a ma'aikatun makamai. A nan Arewa, a 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yanzu, ita ce mace ta fari a wurin, ga hotonta nan a bayan takardar Naira 20. Game da karatun mata kuwa, aikin Nana Asma'u 'yar Shehu da 'yan tarunta ya ishe mu hujja.

4. Hanyar da yarinya za ta bi

Dokar ilmi ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta, watau firamare 6 da ƙaramar sakandare 3. A ƙarshen aji uku hanya ke rabuwa biyu. Ta fari, kwalejin koyon sana'a, shekara 3, a ɗauki jarrabawar hukumar NABTEB. Ta biyu, babbar sakandare ɓangaren kimiyya, a ci Lissafi da Turanci da Fiziks da Kemistiri, a nemi shiga kwalejin fasaha a karanta aikin injiniya, shekara 2 a sami difloma. Jihar Jigawa tana da irin waɗannan kwalejoji a Dutse da Kazaure da Haɗeja.

To, a lura da kyau. A ƙarshen aji ukun nan akan yi hasarar 'yan mata, ko ta zauna gida, ko a tura ta ajin da babu kimiyya. Wadda ta saki lissafi tana 'yar shekara 14, da wuya ta kamo shi tana da 20. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

5. Damuwar iyaye

Iyaye za su yi tambaya kan sutura da haɗari, kuma tambayarsu tana kan hanya. Inji mai juyi yana fizgar duk abin da ke lilo. Don haka ba a matsarsa da gyale ko dogon hijabi, ko awarwaro, ko zobe. Sai a sa ɗan hijabi mai kama kai, a cusa bakinsa cikin rigar aiki mai rufe jiki, a sa tabarau na tsaro da rufaffen takalmi. Da haka an tsare mutunci, an tsare rai. Galibin injunan CNC kuwa a cikin akwati suke, ba su yanka sai an rufe ƙofa.

6. Abin da ake roƙon Hakimai da Malamansu

(a) Malamin Hakimi ya nemi shugabannin makarantu su ba shi sunayen 'yan matan aji uku da suka fi ƙoƙari a lissafi, kowace gunduma da littafinta.

(b) Hakimi ya sa Dagatai da Masu Unguwa su kira iyayen, a yi musu bayani cikin lalama, tare da Liman. Maganar da uba zai ƙi daga bakin malamin makaranta, yakan karɓe ta daga bakin uban ƙasa.

(c) Kafin a tura yarinya ko'ina, a rubuta wa makarantar a tambaya: akwai injin? Yana aiki? Akwai wuta? Akwai ɗakin kwanan mata da mai kula da su?

(d) In aure ya zo, a roƙi a sa ƙare karatu cikin sharuɗɗan da za a yi gaban shaidu.

(e) Ƙarshen kowace shekara a komo kan littafin, a ga wadda ta ci gaba da wadda ta tsaya, da dalili.

Wannan littafi shi zai nuna ko darasin nan ya yi amfani.