Kwafe Rajista Daga Jadawali Zuwa Jadawali

Wajibi ne malamin hakimi mai kwafe rajistar haihuwa daga wani jadawalin Excel zuwa wani ya san cewa kowane gurbi abu biyu ke cikinsa, adadi da siffarsa. Excel kwanaki yake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1900. Saboda haka in aka manna adadi tsurarsa, sai 1 ga Janairu 2024 ta koma 45292, ranar haihuwar yaro ta ɓace ke nan.

Maganin abin, malami ya danna Ctrl da Alt da V tare, ya zaɓi manna duka. Sa'an nan ya maimaita, ya zaɓi faɗin gurabu, don kada kwanan wata ya koma #####. Hakimi kuwa kada ya sa hannu sai an gwada sabon jadawali da na asali.