Amsoshin Tambayoyinku: Bakin Tafki Na Wane Ne?

Wani mai sauraronmu daga Gashuwa yana tambaya: shin a Amurka gwamnati na iya sayar da bakin tafki, ko ta ƙawata shi yadda ta ga dama?

Mun gode, Malam. Mu ɗauki birnin Shikago da ke bakin Tafkin Mishigan. A 1892 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ƙasar da ruwan ya rufe amanar jama'a ce, amanar jama'a kuwa ba a cefanar wa kamfani. Tun 1973 kuma, ko wurin shaƙatawa za a gina a bakin tafkin, sai hukumar tsara birni ta amince. Cike ruwa da ƙasa ma sai da izinin gwamnatin tarayya. Don haka, Malam, mafi yawan bakin tafkin nan na jama'a ne.