Jumlar Sharaɗi da Ma'anar Launi a Manhajojin Hannun Jari: Darasi Daga Kasuwannin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Maƙalar ta nazarci umarnin da ake rubuta wa manhajar cinikin hannun jari domin ta sauya launin bangon zanen farashi bisa sharaɗi. An kwatanta umarnin da jumlar sharaɗi ta Hausa, sannan aka auna shi da yanayin kasuwannin hatsi na kudancin Katsina. Nazarin ya gano cewa launi hukunci ne da marubucin umarni yake yankewa, kuma sharaɗi mai rassa biyu kan ɓatar da mai karatu.

1.0 Gabatarwa

Mai cinikin hannun jari ba ya samun sukunin karanta kowane adadi, don haka yakan sa manhaja ta shafa wa bangon zane launi, ya gane halin kasuwa da kallo ɗaya. Yayin da irin waɗannan manhajoji suke shigowa wayoyin Hausawa, ya zama wajibi manazarta harshe su duba abin da launukan suke faɗa, da kuma wanda suke faɗa wa.

2.0 Ƙirar Umarni

A dandalin TradingView, ana rubuta umarnin da harshen Pine Script kamar haka:

bgcolor(close > close[1] ? color.green : color.red)

Fassararsa ita ce: idan farashin rufewa na yau ya ɗara na jiya, to bango ya zama kore, in ba haka ba, ya zama ja. Alamar tambaya tana aikin "to", ɗigo biyu kuma suna aikin "in ba haka ba". Ke nan ƙirar ta yi daidai da jumlar sharaɗi ta Hausa. Bambancin shi ne, Bahaushe kan bar ƙofa a buɗe da "wataƙila" ko "sai dai", amma na'ura duk abin da bai cika sharaɗi ba sai ta tura shi reshe na biyu. Ranar da farashi ya tsaya cik, ja za ta shafa, tamkar ya faɗi.

3.0 Launi da Al'ada

Ɗaukar kore a matsayin riba, ja a matsayin asara, al'adar kasuwannin Amurka da Turai ce. A ƙasar Sin akasin haka ake yi: ja ne tashi, kore faɗuwa. A littafin Steve Nison na 1991 kuwa, wanda ya yaɗa zanen kyandir na Japan a ƙasashen Yamma, fari ne tashi, baƙi faɗuwa. Wannan tsari na ƙarshe ya fi kusa da tunanin Bahaushe, wanda ya gina alheri da sharri a kan farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya. Ja a Hausa ya fi nuni da tsanani da jarunta, kamar a jan aiki da jan hali. Kore kuwa ba shi da wani kaso a wannan rukunin kalmomi.

4.0 Aunawa da Kasuwannin Yankin

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ƙasar masara ce da dawa, kuma suna hulɗa da manyan kasuwanni irin su Ɗandume da Sheme. Mai tattara farashin buhun masara zai iya gina wannan ƙa'ida a manhajar Excel, amma zai ci karo da matsaloli biyu.

Ta farko, murnar wa kore yake nunawa? A hannun jari mai kallon zane shi ne mai kaya, tashin farashi ribarsa ce. A kasuwar hatsi kuwa, abin da mai ajiya yake kira "kasuwa ta yi kyau" shi magidanci mai awo yake kira tsada. Manomin da ya sayar da kaka, ya dawo saye da bazara, yana tsayawa a ɓangarorin biyu cikin shekara guda.

Ta biyu ita ce giɓin bayani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, har da waɗannan uku. A irin wannan lokaci gurbin farashi kan zama wayam, Excel kuma tana ɗaukar gurbi wayam a matsayin sifili wajen kwatance. Sai makon da labari bai iso ba ya fito da ja, mai karatu ya zaci araha aka yi.

5.0 Kammalawa

Maƙalar tana ba da shawarar rassa huɗu: tashi, faɗuwa, tsayawa da rashin bayani, a fara gwada rashin bayani kafin sauran, a ba shi ruwan toka. Haka kuma a rubuta ma'anar kowane launi da Hausa a gefen zane, a fayyace ko da idon mai saye aka duba ko na mai sayarwa. Wannan aiki ne da bai kamata a bar wa masana kwamfuta su kaɗai ba, domin masana harshe ne suka san abin da ja yake faɗa wa Bahaushe.