Fitila Na Ci, Soket Ya Mutu: Darasi Daga Mota Mai Ɗaki

Lokacin da nake SIWES aka kawo wa ogana wata mota mai ɗaki ’yar Amurka, irin mai gado da kicin a ciki. Fitilu na ci, amma babu soket ko ɗaya mai kawo wuta. Na zari sukundireba zan fara kwance-kwance, oga ya ce, “Kai yaro, tsaya tukuna.”

Ashe wuta iri biyu ce a motar. Fitilu da famfon ruwa bolt 12 suke sha daga batir. Soket kuwa bolt 120 yake so, daga janareto, inbata ko layin waje. Don haka cin fitila ba shaida ba ce.

Da farko, sa mita ka ga ko wutar na shigowa. Sannan duba bireka. Wadda ta faɗi takan tsaya a tsakiya, sai ka kashe ta gaba ɗaya kafin ka kunna. Na uku, nemi soket mai maɓalli biyu, wato GFCI, galibi a banɗaki ko kicin. Da wuta kimanin miliyam 5 ta zurare zai yanke, duk soket ɗin da ke bayansa su mutu tare. Namu nan matsalar take, RESET kawai muka danna. In ya sake yankewa, cire duk abin da ke jone, ka nemi danshi ko wayar da ta saluɓe.

Jama’a, hattara: wutar NEPA bolt 230 ce. In ka jona ta kai tsaye ba taransifoma, ka ƙone kayan mutane. Kuma kafin ka kwance soket, kashe wuta ka sake aunawa.