Tukunyar da ke Suya da Iska

'Yan'uwana ɗalibai, tukunyar lantarkin nan da Kamfanin Philips ya fito da ita a 2010 ta shigo gidajen Abuja, shi ya sa na ga ya kamata in yi muku bayaninta. A gaskiya gashi take yi, watau fanka ce a ciki ke hura wa abinci iska mai zafi. Saboda haka cokalin mai ɗaya ya ishi doya ko dankali. Ku yanka, ku tsane ruwan, ku shafa mai, kada ku cika kwandon. Ku ba shi kamar minti 20 a digiri 180, kuna girgizawa. Amma ƙullun ƙosai tsiyayewa zai yi ta ramukan kwandon. To, wanda ya saya kada ya yar da kaskonsa.