Me Ake Ci a Gaban Labulen Jirgin Sama?

TAMBAYA: Yayana ya dawo daga Umara, ya ba mu labarin cewa a cikin jirgi akwai wani labule da ake ja, waɗanda ke gabansa abincinsu daban ne, shi dai sai ƙamshi yake jiyowa. Don Allah me ake ba su? A cikin jirgin ake girkawa? Kuma Musulmi zai iya ci hankalinsa kwance? Na gode.

Daga mai karatunku a Kauru, Jihar Kaduna.

AMSA: Yayanka bai ƙara gishiri ba. Manyan jiragen sama masu dogon zango akan raba su gida uku: sashen gama-gari a baya, na 'yan kasuwa a tsakiya, sai faskila can gaba kusa da matuƙa. Dattawan da suka hau jirgin ƙasa daga Kafanchan, lokacin da garin ke tashe a matsayin mahaɗar layin dogo, sun san irin wannan rabo, domin kowane tarago da kuɗinsa da irin hidimarsa.

Hidimar mutanen gaba takan fara ne tun jirgi bai ɗaga ba. Da ka zauna za a miƙo maka tawul mai ɗumi ka goge hannu, a kawo abin sha, a ba ka takardar jerin abinci ka zaɓa. Idan jirgi ya daidaita a sama, sai a shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburinka, a jera cokali da wuƙa na ƙarfe da kwanon tangaran. Abincin kuwa bi da bi yake zuwa: gyaɗa ko yazawa mai ɗumi, sai romo ko salak, sai babban abinci na nama ko kaza ko kifi, sannan cuku da 'ya'yan itace da kayan zaƙi, a rufe da shayi ko kofi. Mutumin baya kuwa duk nasa a tire ɗaya ake dire masa, an rufe da takardar gwangwani, zaɓinsa bai wuce kaza ko nama ba.

Kowane kamfani kuma yana son ya nuna gidansu. Emirates na tarbar 'yan faskila da gahawa da dabino, har da wani ƙwan kifi mai tsada. Turkish Airlines na sa kuku da farar hularsa a cikin jirgi, yana zuba abinci yana gyara shi a faranti. Ethiopian Airlines, wanda ya riƙa sauka Kaduna a 2017 lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titi, yana ba da injera, wato gurasar Habasha mai tsami, da miyar yaji. Air Peace, da ya fara zuwa Landan daga Legas a ƙarshen Maris na 2024, ya sa dafa-duka cikin abin da yake tallata kansa da shi. A gajeriyar tafiya irin ta Abuja zuwa Legas, wadda ba ta wuce kimanin awa ɗaya, babu lokacin wannan shagali, bambancin gaba da baya kaɗan ne.

Batun girki kuwa, ba a hura wuta a cikin jirgi. A ƙasa ake dafa kusan komai, a manyan kicin da ke kusa da filin jirgi. Kicin ɗin Emirates da ke Dubai kaɗai yana fitar da abinci sama da 200,000 a rana. A kan dafa abincin sa'o'i da dama kafin tashi, ba a bari ya nuna tilis, sai a sanyaya shi da gaggawa zuwa ƙasa da digiri 5, domin ƙwayoyin cuta ba sa samun sukunin yaɗuwa cikin irin wannan sanyi. Daga nan a jera shi cikin akwatuna masu taya, mota mai ɗaga jiki ta kai shi ƙofar jirgi. Aikin ma'aikatan jirgi shi ne su ɗumama shi a tanda mai lantarki. Na manya ana aiko da naman daban, miya daban, ganye daban, sai an ɗumama a haɗa a faranti, shi ya sa yake kama da wanda aka sauke yanzu. Amma galibi kicin ɗaya ne ya dafa na gaba da na baya. Sana'ar ta yi nisa idan aka tuna mafarinta a 1919, lokacin da kamfanin Handley Page ya fara sayar wa fasinjojinsa abinci mai sanyi a kwali a kan sule uku.

Ana tsananta tsabta ne saboda an taɓa ji a jika. A Fabrairun 1975, mutum 197 suka kamu da amai da gudawa a wani jirgin Japan bayan sun ci wainar ƙwai da ta gurɓata, aka kwantar da fiye da 140 a asibiti a Kopenhagen. Allah ya taƙaita, matuƙan ba su ci ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa yarda matuƙi da mataimakinsa su ci abinci iri ɗaya.

Akwai kuma wata matsala da kuɗi ba sa magancewa, wato harshen mutum yakan dakushe a sama. Jirgi na tafiya ne a nisan mita 10,000 zuwa 12,000, iskar cikinsa kuwa an daidaita ta kamar ta wanda ke kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Jos da kuke jin sanyinta tana kan mita 1,200 ne ko sama da haka kaɗan. Ga iskar a bushe ƙarau, tamkar tsakiyar hunturu lokacin da hanci ke bushewa leɓe na tsagewa. Idan hanci ya bushe ƙamshi ba ya shiga sosai, kuma yawancin daɗin abinci ta hanci ake jin sa. Binciken da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa kamfanin Lufthansa a 2010 ya nuna cewa jin gishiri na raguwa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, na zaƙi kuma da kashi 15 zuwa 20. Wani binciken na Jami'ar Cornell a Amurka a 2015 ya gano cewa rugugin inji ma yana rage jin zaƙi, amma yana ƙarfafa irin ɗanɗanon da ke cikin tumatir da romon nama, wanda mu muka fi sani a daddawa da busasshen kifi. Wannan ne dalilin da ruwan tumatir ke da farin jini a jirgi, kuma masu girkin jirgi ke cika hannu da gishiri da kayan ƙamshi. Ka ga ke nan miyar da ta ji daddawa da barkono da cittar Kachia ko Kwoi ta fi dacewa da sama a kan abinci mai lami, komai tsadarsa.

Sai tambayarka ta uku. Kamfanoni irin su Saudia da Emirates da Qatar Airways da Turkish Airlines duk abincinsu na halal ne. A wasu kamfanonin kuwa, kai ne za ka nemi abincin Musulmi tun wajen yankar tikiti, ko aƙalla kwana ɗaya zuwa biyu kafin tafiya, a rubuta maka MOML. Wannan haƙƙin kowa ne, na gaba da na baya, kuma yawanci ba a biyan ƙarin ko sisi. Mai ciwon suga da wanda ba ya cin nama su ma suna da nasu. Inda ya kamata a buɗe ido shi ne abin sha. Saudia da EgyptAir ba sa raba giya, amma Emirates da Qatar da Turkish suna rabawa, kuma a sashen manya takan zo cikin tiren maraba, a jere da lemo. Kada ka ɗauki kofi don launinsa ya yi maka kyau, tambayi abin da ke ciki. Haka ma miya da kayan zaƙi a jiragen Turawa, wani lokaci akan sa musu giya wajen haɗi.

To ko abin ya kai kuɗinsa? Tikitin 'yan kasuwa kan ninka na gama-gari sau uku ko fiye, faskila kuma ta wuce nan. Kaso kaɗan ne na wannan kuɗi ke tafiya a abinci. Abin da mutum ke saya shi ne fili, da kujerar da ke miƙewa ta zama gado, da ƙarin nauyin kaya, da ɗakin hutawa a filin jirgi, da tsallake dogon layi. Ga mara lafiya, ko tsoho, ko wanda zai sauka ya wuce wurin aiki kai tsaye, hakan na iya zama buƙata. Wanda kuwa kwaɗayin abincin ne kawai ke jan sa, gara ya riƙe kuɗinsa, ya ci mai kyau a ƙasa inda harshensa ke aiki sosai, ya yawaita shan ruwa a hanya. Ka gaida Yaya, Allah ya karɓi ibada, ya kai ka kai ma.